Faifan da Ban Rufe Ba

Akwai wata magana da na faɗa a tsakar gidanmu na Dutsin-Ma kuna yara, kuka ɗauke ta kuka girma da ita, har na ji wasunku sun fara koya wa nasu 'ya'yan. Cewa na yi Baffanku Sani ne ya hallaka mana muryar Inna. Yau ina so in janye ta a rubuce, domin a gabanku na faɗe ta, kuma bakin da ya ɓata shi ya kamata ya gyara. Amma ba za ku gane yadda aka yi ba sai na koma da ku shekarar da na tsaya a gaban kyamara huɗu, na zaɓi wadda ta fi burge ni.

Kun san da ɗaukar bidiyo na ciyar da ku. Biki, suna, saukar karatu, tarbar alhazai, daga nan cikin gari har ƙauyukan Kurfi da bakin madatsar ruwan Zobe, babu inda babur ɗina bai shiga ba, shi ya sa har yau in ba a ce Lawal Bidiyo ba ba a gane ni. Kyamarata ta farko ƙatuwa ce mai babban kaset, a kafaɗa ake saɓa ta kamar tikin gero, kuma ita ta bar mini ciwon kafaɗar nan da kuke jin ina kuka da shi. Ina cikin cin kasuwata sai yara suka fara ɓullowa da ƙananan kyamarori da ake riƙewa da hannu ɗaya, hotonsu tas, nawa kuwa in an kwafa shi sau biyu sai amarya ta koma kamar an hango ta ta cikin hayaƙi. Ni mutum ne mai zuciya, ba na son a wuce ni. Ran da wani mai biki ya ce mini a gaban mutane ko zan ba yara wuri in huta, ran nan na yanke shawarar zuwa Kano.

Da Baffanku na tafi. A lokacin yana Rawayau tare da Inna, yana noma, yana kuma gyaran rediyo da kaset a zauren gida. Shekara uku na ba shi, amma ya fi ni sanyi nesa ba kusa ba. Na ɗauke shi ne don ya san cikin inji, ko da yake a gaskiya ɗan rakiya nake nema, ba mai ba da shawara ba.

Mai shagon ya jera mana guda huɗu a kan gilashi, duk na zamani, waɗanda ko sau nawa aka kwafi hotonsu ba ya dishewa. Ta farko mai ƙaramin kaset ce, kaset ɗin bai fi kwalin ashana biyu ba, yana ɗaukar awa guda, hotonsa kuma garau. Aibinta shi ne in za ka juye wa mutane sai ka haɗa ta da kwamfuta ka zauna awa guda cur kana jira, sannan ka mayar a kan faifai. Ta biyu mai ƙaramin faifan dibidi ce, faɗin tafin hannu. Rabin awa kawai yake ɗauka, amma da ka gama sai ka zaro ka miƙa wa mai biki ya sa a injin gidansa. Ta uku rumbu gare ta a ciki, tana yini tana ɗauka ba ta cika ba, sai dai in ta faɗi to ta faɗi da duk abin da ke cikinta. Ta huɗu mai memori ce, ɗan abu kamar farce, wanda a lokacin ba mu yarda da shi ba tukuna. Sani ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana jujjuyawa.

"Yaya, ɗauki mai kaset," in ji shi daga ƙarshe. "Kaset na san halinshi. In ya tsinke in liƙe shi, in ya naɗe in warware shi da biro, abin da za ka rasa bai wuce ƙiftawar ido ba. Wanga faifai kau kasko ne, in ya tsage ya tsage."

"Mai memorin fa?" na tambaye shi, don in ji ta bakinsa kawai.

"Allo ne wannan. Ka rubuta ka wanke, ka rubuta ka wanke. Ran da hannu ya kuskure sai ka wanke abin da ba ka haddace ba."

"Kai dai tsohon yayi ke damunka," na ce masa.

Mai shagon ya yi dariya, ya ga inda raina ya karkata, ya shiga ɗaure mini mai faifai. Amma mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya riƙe hannuna ya ce in saurara da kyau, faifan nan yana da ƙa'ida guda. Bayan ka gama ɗauka sai ka sa kyamarar ta rufe shi. Kafin ka rufe, babu injin gidan da zai karanta shi, sai ita kyamarar ko irinta. Bayan ka rufe kuma, ba za ka ƙara ko minti ɗaya a kansa ba.

"Ran da ka ɗauka, ran nan ka rufe, Malam," in ji shi. "Kada ka kwana da faifai a buɗe."

Zan faɗi gaskiya, ta fuskar sana'a ban yi zaɓen tumun dare ba. Faifan nan ya dawo mini da kasuwata. Kafin baƙi su watse na rufe na miƙa, a tada janareto a gindin bishiya, mata su taru suna nuna juna a talabijin suna shewa. Masu kaset sai sun kwana uku kafin su kai wa mutane nasu. Ina ganin haka sai kaina ya ƙara girma, duk lokacin da na haɗu da Sani sai na tsokane shi in ce ina labarin biro. Shi kuwa murmushi kawai yake yi.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Inna, domin ƙananan cikinku ba su riske ta ba. Ungozoma ce, ta fi shekara arba'in tana karɓar haihuwa a Rawayau da kewaye. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, in ta hango ni da kyamara sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Ni ne ɗanta na fari, don haka bisa al'adar kunya ta mutanenmu ba ta kiran sunana, ba ta doguwar hira da ni, ba ta yabona a gaban kowa. Ina yaro "wancan" take ce mini, da aka haifi Sani na koma "yayan Sani", da na fara sana'a na zama "mai injin". Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, tunda ƙosai mafi girma a kwanona yake faɗawa. Duk da haka abin ya ci mini rai tun ina ƙarami, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

A bazarar shekarar nan sai ga Sani da saƙo, wai Inna ta ce mai injin ya zo da injinsa. Na ɗauka wasa yake. Ashe wani aure aka kusa ɗaurawa a unguwarsu, har an sa rana, sai ita ta aika ta ce a dakata, yaron da yarinyar nono ɗaya suka sha. A zamaninta in mai jego ta kwanta ciwo ko ta rasu, ungozoma ce ke ɗaukar jariri ta kai wa wata mai shayarwa, kwana uku ko wata guda, sannan kowa ya manta. Ita ce ba ta manta ba. Abin ya tsorata ta, ta ga cewa sauran waɗanda suka sani kusan duk sun riga ta gidan gaskiya.

"In na tahi da abin nan a cikina, sai a riƙa aurar da wa da ƙanwa ba a sani ba," ta ce, tana kallon Sani, ko da yake da ni take. "Ka ce mashi ya kafa injin. Amma ban da fuskata."

Da hantsi muka yi, a gindin darbejiyar tsakar gida. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, na saita ta a kan hannuwanta da carbinta. Sani ya zauna a bakin tabarma kusa da ƙafafunta yana ɓarar gyaɗar iri. Ta yi bisimilla ta fara, gida gida, wane ya sha nonon wance kwana kaza, a shekarar da aka yi kaza. Ni kuwa kunnena ba ya wajenta. Idona na kan ɗan gilashin kyamara, ina duba batir, ina duba mintin da ya rage, ina jin haushin inuwar ganye da ke yawo a kan hannunta. A raina na ce ai komai yana shiga faifai, in na koma gida na saurara a natse. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, wani mai biki ne daga Kurfi. Na bar kyamara tana ci, na fita zaure, na yi kamar minti biyar muna tsara lokacin da zan isa. Da na dawo ba ta daɗe ba ta tsaya, a minti na goma sha tara.

"Saura na gidajen Kutawa," ta ce. "Sai Goggonku ta zo bayan shuka mu haɗa kai. Ba ni son in faɗi abin da ban tabbatar ba."

Ina naɗe kaya Sani ya biyo ni zaure.

"Yaya, in ka isa gida ka rufe shi yau."

"Saura minti goma sha ɗaya a kai. So nake maganar ta zama a faifai guda, ba gutsure-gutsure ba."

"In Goggo ta zo sai a sa sabo. Don Allah ka rufe wanga."

"Kai ka san injin nan ko ni?" na ce masa.

Ya juya ya koma wajen Inna. Na sa faifan a gidansa, na rubuta "Inna" a kai, na jefa a akwatin ƙarfen da ke saman kabad ɗina. Lokacin bukukuwa ne, kullum ina kan hanya, ban ko sa shi a kyamara na kalla ba.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, Inna ta kwanta. Kwana uku ta yi Allah ya karɓi abinsa. Goggo ta zo kamar yadda aka tsara, sai dai ta'aziyya ta zo karɓa.

Ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Daga rasuwarta zuwa ranar da kyamarar ta lalace, na yi fiye da kwana saba'in da faifan nan da kyamarar nan a ɗaki ɗaya. Aikin minti kaɗan ne, ka jona wuta, ka danna, ka jira. Sau biyu ina ɗauko shi ina sawa. Kafin ta rufe, kyamarar takan tambaye ka ko ka tabbata, domin ba za a ƙara komai ba. Duk lokacin da tambayar nan ta fito sai in ga mintin nan goma sha ɗaya da na ajiye mata, sai yatsana ya ƙi. Ji nake kamar in na danna na sake binne ta da hannuna. Kallon ma na kasa, ban iya jin muryarta a lokacin ba. Sai in zare in mayar, in ce gobe. Sani ya tambaye ni ko na rufe ran addu'ar bakwai, ya sake tambayata ran arba'in. A karo na biyun na daka masa tsawa, na ce ya bar ni da abin da ke damuna.

Cikin marka zazzaɓi ya kayar da ni, ga shi na yi wa wasu alkawarin suna a Kutawa. Sani ya zo duba ni, na roƙe shi ya je a madadina. Ya ce hanya ba kyau, na ce alkawari ne. Ya je ya ɗauka lafiya, a dawowa ya tarar rafi ya kawo, babur ya zame da shi a tsakiya, jakar ta nitse. Da la'asar ya shigo gidan nan jiƙe sharkaf, ƙwaurinsa na jini, kyamarar a hannunsa tana ɗigar ruwan laka. Ban tambayi ƙafarsa ba. Na fito tsakar gida da bargo a kafaɗa, kuna zazzaune kuna cin dafaffiyar masara, na nuna shi da yatsa na faɗi abin da na faɗa. Mahaifiyarku ta ce in ji tsoron Allah, na ce ta yi mini shiru. Shi kuwa ya ajiye kyamarar a kan turmi a hankali.

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," ya ce. Ya ja babur ɗinsa ya fita yana ɗingishi.

Na nemi irin kyamarar nan a Katsina ban samu ba. Da na koma shagon Kano sai na tarar gilashin duk masu memori ne, mai shagon ya ce ai masu faifai an wuce wurin. Sai bayan shekara uku na ji labarin wani malamin makaranta a Kurfi yana da irinta. Na je da rawar jiki, muka sa faifan, ta juya, ta juya, ta ƙi karɓa. Hadiza, ke kin tuna lokacin da kika kai shi wa masu kwamfuta kina karatu, suka ce cikinsa ya riga ya lalace. Zafi ne ya cinye shi, zafin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, inda ni na ajiye shi. Tsofaffin kaset-kaset ɗina kuwa da na watsar, waɗanda Sani ya kwashe ya adana, har yau suna yi. Bikin sunan ɗan'uwanku Nura yana ciki.

Tun daga nan zumuncinmu ya koma na sallah da jana'iza. Bai taɓa kare kansa ba, ni kuma na ga shirunsa ya yi mini daɗi, na ɓuya a bayansa shekara da shekaru. Ku ma kuka ɗauke ƙafa daga Rawayau, kuna ganin kuna taya ni kishin kakarku.

Bara ne Allah ya kai ni ƙofarsa dole. Nura, kai ka san wannan, amma ba ka san ƙarshensa ba. Da ka nemi auren Sa'adatu, autar wani dattijo ta Rawayau wanda ya riga ya rasu, sai wata tsohuwa ta ce ta taɓa jin wai ni ina jariri na sha nono a wani gida a unguwar, kuma tana zaton gidansu ne. In haka ne, yarinyar ƙanwata ce, kai kuma goggonka ce, babu aure. Ni ban ma taɓa sanin na sha nonon wata ba. Aka dakatar da magana, ka daina cin abinci, kowa ya ce ai da faifan Inna na nan da an huta. Na hau babur na tafi.

Na same shi a gindin darbejiyar nan, ya yi furfura fiye da ni, yana gyaran wata rediyo. Muka gaisa kamar baƙi. Da ƙyar na iya fitar da abin da ya kawo ni. Ya ajiye sukundireba, ya rufe ido, ya yi bisimilla. Sai ya fara, gida gida, wane ya sha nonon wance kwana kaza, a jere kamar yadda ta jera, har da inda takan tsaya ta ja carbi. Ni da na zo da inji ban riƙe ko gida ɗaya ba. Shi da ke ɓarar gyaɗa ya kwashe duka.

"Ba gidansu Sa'adatu ba ne," ya ce. "Hajara matar maƙeri ce ta shayar da kai, kwana tara, lokacin da Inna ta yi ciwon nono. Babu abin da ya haɗa su. A ɗaura aure."

Na yi hamdala. Sannan na ce masa ni ban ji ta faɗi wannan ba.

"Ba ka nan. Jira ta yi ka fita zaure. Kana fita ta gyara zama, ta dubi injin, ta ce, 'Sai ɗana Lawal.' Ta sake cewa, 'Lawal, ɗana na fari.' Sannan ta faɗi na Hajara."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini tun ranar.

"So na yi ka ji da muryarta, ya fi daɗi. Shi ya sa na dame ka da ka rufe. Da kyamara ta faɗa ruwa a hannuna kuma, da wane baki zan gaya maka abin da ke ciki? Kai ma ba ka tambaye ni ba, Yaya."

Na roƙe shi gafara a wurin, ina kuka kamar yaro. Ya ce shi ya daɗe da yafewa, ya tashi ya kawo mini fura. Amma ku ban roƙe ku ba tukuna, ku da na raba da Baffanku a kan laifin da nawa ne. Ya ce in ɗauki mai kaset, na ƙi. Ya ce in rufe, sau uku, na ƙi. Ya ce hanya ba kyau, na tura shi. Ruwan rafi kyamara kawai ya ci.

Kukan tambaye ni wace irin ajiya ta fi, yanzu da komai ya koma cikin waya. Na yi aiki da kaset, na yi da faifai, na ƙare da memori, kowanne da inda yake ba da kunya. Ku ɗauka da duk abin da kuke da shi, ku kwafa a wuri biyu, kada ku ce gobe. Amma kafin nan ku shirya ku je Rawayau, dukanku, da 'ya'yanku. Ku durƙusa ku gaishe shi, ku roƙe shi ya jera muku gidajen nan. In za ku ɗauka da waya ku jingine ta gefe ku manta da ita, ku ba shi kunnuwanku, kuma ko wa ya kira kada wanda ya tashi.

Faifan yana nan a akwatina, yana sheƙi kamar sabo, da sunanta a kai. In na rasu kada ku jefar da shi. Rana ɗaya tak uwata ta kira sunana a duniya, ni kuwa ina zaure ina maganar bikin wasu.